Babi na Shida: Daga Lissafin Kano Zuwa Kemis ɗin Mayo Gwoi

A shekarar 2018 wata mujallar likitanci mai suna Diabetes Therapy ta buga wani bincike da Farfesa Andrew Uloko ya jagoranta. Uloko ƙwararren likitan ciwon suga ne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma malami a Jami'ar Bayero. Cikin abokan aikinsa akwai Baba Maiyaki Musa da Ibrahim Gezawa da Musa Borodo. Ba su haɗa sabon magani ba, ba su kuma soki yatsan kowa ba. Zama suka yi suka tattaro binciken da aka riga aka gudanar a sassan Nijeriya daga 1990 zuwa 2017, suka tankaɗe, suka ajiye waɗanda ba su cika sharaɗi ba, suka rage da guda 23 da suka shafi mutum 14,650, sannan suka haɗe lissafin wuri ɗaya. Abin da ya fito shi ne kashi 5.77 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da ciwon suga, wato kusan mutum 1 cikin kowane 17. Da suka raba shi shiyya-shiyya, kudu maso kudu ce ta zo kan gaba da kashi 9.8, arewa maso yamma ta zo ƙarshe da kashi 3.0, ita kuwa arewa maso gabas, inda Taraba take, ta tsaya a kashi 5.9. Ra'ayina a wannan babi shi ne, irin wannan aiki na ƙidaya yana cikin mafi amfanin abin da likita mai bincike zai yi wa ƙasa kamar tamu. Sai dai amfanin nasa yana tsayawa rabin hanya muddin lambar ba ta sauko ta zama gwaji da magani da bayani a unguwa irin Mayo Gwoi ta Jalingo ba. Ma'aunin da ya kamata a auna tasirin mai bincike da shi ke nan, kuma da shi zan auna aikin Uloko da tsararrakinsa.

Kafin wannan aiki, lambar da hukumomi suka fi riƙewa ita ce kashi 2.2 cikin 100, wadda ta fito daga binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oladipo Akinkugbe. Bincike ne mai kyau a zamaninsa, amma an ci gaba da tsara kasafi a kansa har yaran da aka haifa a lokacin suka yi aure suka haihu. A ma'aikatar lafiya, cutar da ba ta da lamba ba ta da layi a kasafin kuɗi, cutar da lambarta ta tsufa kuwa rabonta yakan tsufa tare da ita. Ga kuma abin da jama'a suka daɗe suna faɗa, cewa suga ciwon masu kuɗi ne, na alhazan birni masu tumbi. Lamba ƙarama ta dace da wannan zance, don haka babu wanda ya matsu a sake ƙirgawa.

Binciken da ya fi rushe wannan zance a ganina daga Sakkwato ya fito. Farfesa Anas Sabir na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da abokan aikinsa sun gwada Fulani mazauna birnin Sakkwato, suka sami kashi 4.6 cikin 100 da ciwon suga, aka buga a 2011. Suka koma ga Fulanin karkara, suka sami kashi 0.8 kacal, aka buga a 2013. Jini ɗaya ne, asali ɗaya, amma tazarar ta haura ninki biyar. Abin da ya raba su shi ne zama. Mutumin da ke bin shanu da ƙafa tun hantsi har la'asar, yana shan fura da nono, jikinsa na ƙone abin da ya ci. Ɗan'uwansa da ya shigo gari ya buɗe shago, wuni yake a zaune, abincinsa ya koma farar shinkafa da taliya da burodi, ya kora da lemon kwalba. Ba sai ya yi arziki ba, shigowa gari kaɗai ta isa. Duk wanda ya san Jalingo zai ga hoton garin a cikin wannan lissafi. Tun da aka ƙirƙiro jihar Taraba a 1991 aka mai da fadar masarautar Muri babban birnin jiha, garin yake ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, da mutanen da suka baro ƙauyuka saboda neman abinci ko gudun tashin hankali. Fulani da Mumuye da Kona da Hausawa da Jukunawa da sauransu, mafi yawansu iyayensu manoma ne ko makiyaya. A unguwa mai cunkoso kamar Mayo Gwoi, tafiyar da a da ake yi da ƙafa yanzu keke napep ke yinta. Je ka tsaya a teburin mai shayi da safe ka lura da hannunsa: cokali uku ko huɗu na suga a kofi ɗaya, ga madarar gwangwani, ga rabin burodi, wanda ya sha kuma zai tafi ya zauna a bakin shago har azahar. Babu laifi a kansa, abin da ya fi araha kuma ya fi riƙe ciki ke nan. Amma haka jikin da aka gina don noma yake tsintar kansa cikin rayuwar da ba ta neman ƙarfinsa.

Yadda ciwon yake aiki ne ya sa ƙidaya ta zama dole. Abincin da muka ci yakan narke ya zama suga a cikin jini, sai wata gaɓa da ke bayan tumbi ta fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. A nau'in da ya fi yawa, wanda likitoci ke kira nau'i na 2, jiki ne yake daina jin kiran insulin sannu a hankali, gaɓar ta yi ta ƙoƙari har ta gaji, sugan ya taru a jini yana cin jijiyoyi. Mutum zai iya shekaru a haka yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci ko coci, bai ji komai ba. Lokacin da yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama suka bayyana, sau da yawa ɓarna ta riga ta fara a ido ko ƙoda ko ƙafa. Gwajin kuwa ba wani abu ba ne mai wahala: a soki yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, na'ura ta nuna lamba cikin daƙiƙu. Idan mutum bai ci komai ba tun dare aka ga 126 ko sama da haka, aka maimaita aka sake gani, to ciwon ya tabbata. Duk da wannan sauƙi, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kashi 54 cikin 100 na masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba, kuma babu nahiyar da ta kai mu a wannan. Cutar da ke kai mutum asibiti da kanta, kamar kwalara, rajistar asibiti ta isa ta nuna girmanta. Wadda ke ɓuya kuwa sai an bi mutane gida-gida an gwada masu ganin kansu lafiya lau.

Akwai masu cewa lambar Uloko ba abar dogaro ba ce, kuma maganarsu tana da ƙafa. Mutum 14,650 ba su taka kara sun karya ba a ƙasar da mutanenta suka doshi miliyan 200 a lokacin. Binciken da aka haɗa ba da hanya ɗaya aka yi su ba, wasu a birni, wasu a ƙauye, wasu shekaru ashirin kafin wasu. Ga kuma adadin miliyan 11.2 da ake yawan ambatawa daga wannan aiki, wanda ke fitowa idan aka ɗora kason a kan dukan jama'ar ƙasa, wajen miliyan 193, har da jarirai da yara, alhali galibi manya aka gwada. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya miliyan 3.6 ta bayar ga Nijeriya a 2021, a tsakanin masu shekara 20 zuwa 79. Tazarar tana da girma, kuma ni ma ina ganin adadin miliyan 11.2 ya yi yawa. To amma a dubi abin da ya tsaya bayan an cire wannan. A 2017 wani rukunin masu bincike daban, ƙarƙashin Davies Adeloye, ya bi tasa hanyar ya sami cewa kason manya masu ciwon ya tashi daga 2.0 a 1990 zuwa 5.7 a 2015, adadinsu kuma daga 874,000 zuwa miliyan 4.7. Rukuni biyu, hanya biyu, kaso kusan ɗaya. Ana iya jayayya a kan yawan miliyoyin, amma ba a jayayya cewa ciwon ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 1990 da 2015. Raunin da ke cikin aikin kuma shi kansa sakamako ne, domin ya tona yadda muka yi sakaci da ƙirga kanmu: shekara 27, bincike 23 kaɗai suka tsallake tankaɗe a ƙasa mai jihohi 36.

Wannan raunin ya fi shafar mutumin Jalingo. Kashi 5.9 na arewa maso gabas matsakaici ne na shiyya mai jihohi shida, Adamawa da Bauchi da Borno da Gombe da Taraba da Yobe. Binciken Gezawa a Maiduguri, wanda aka buga a 2015, ya sami kashi 7.0, amma Maiduguri tsohon birni ne mai nasa abinci da nasa zama. Taraba ita kaɗai duniya ce: makiyayin tsaunin Mambila, da manomin doya na Zing, da masuncin Ibi a bakin Binuwai, da ma'aikacin sakatariya a Jalingo, ba abu ɗaya suke ci ba, ba wahala ɗaya jikinsu ke sha ba. Idan binciken Sakkwato ya nuna tazarar ninki biyar tsakanin 'yan ƙabila ɗaya, to lamba ɗaya ba za ta wakilci waɗannan duka ba. Abin da lissafin Kano ya yi wa Taraba shi ne ya nuna mata cewa akwai abin nema, ya kuma ba ta hanyar nemansa. Nemo shi aikinta ne, kuma tana da masu yi: ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo, ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na fifiko. Mai wannan ra'ayi zai ce, a jihar da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe yara kowace damina, mata na rasuwa wajen haihuwa, wane dalili zai sa a karkatar da ɗan kuɗin da ake da shi zuwa ciwon manya wanda ba ya warkewa? Ba na raina wannan tambaya, domin duk wanda ya taɓa ganin ɗakin jinyar yara a watan Agusta ya san daga inda ta fito. Amsar tana cikin wani binciken da likitocin Kano da Zariya suka sa hannu a ciki. Daga Maris 2016 zuwa Afrilu 2017 an bi diddigin mutum 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon suga a manyan asibitoci shida na ƙasar nan, cikinsu har da na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. An yanke wa kashi 35.4 cikin 100 wani sashe na ƙafa ko ƙafar baki ɗaya. Kashi 20.5 sun rasu a kwance. Wato a cikin kowane mutum biyar da suka shiga da gyambo, ɗaya bai fito da rai ba. Waɗannan su ne masu ciyar da yaran da ake son ceto daga zazzaɓi. Magidancin da aka yanke wa ƙafa, gidan sauro da kuɗin makaranta da kuɗin awon matarsa duk sun tafi tare da ƙafar, bayan an sayar da fili ko shanu an biya asibiti. Kuɗin da ake tsoron kashewa ana kashe shi tuni, ninkin ba ninki, sai dai daga aljihun iyali yake fita, kuma a ƙarshen ciwo, lokacin da ba ya sayen komai sai jinya.

Yana da kyau a ga yadda ƙafa ke kaiwa ga wuƙa, domin a nan ne bincike da rayuwar unguwa suke haɗuwa. Suga mai yawa yakan kashe jijiyoyin ji, ya fara daga yatsu. Mutum ya ce tafin ƙafarsa na zafi da dare kamar an zuba barkono, ko yana jin kamar yana taka auduga. Daga nan sai jin ya ɗauke. Wata rana ƙusa ta huda silifas, ko sabon takalmin salla ya goge dunduniya, ko wanzami ya zarce wajen yankan farce, bai ji ba. Idan damina ce, kogin Mayo Gwoi ya cika, lunguna sun jiƙe, ƙafar tana cikin laka safe da yamma. Jini ba ya isa wurin sosai, ƙwayoyin cuta kuma sun sami suga, sai ɗan ƙurji ya zama rami. Tun da babu zafi, babu gaggawa. A shafa man zafi, a barbaɗa garin kafso, a ɗaure da tsumma. Idan ya ƙi warkewa sai a ce ya taka sammu ne, a nufi wajen mai magani, a ƙara makonni. Ranar da wari ya cika ɗaki, yatsa ya yi baƙi, ranar ake neman mota. Abin da zai katse wannan tafiya tun farkonta ba ya bukatar wutar lantarki: ma'aikacin lafiya ya ce wa mai ciwon ya cire takalmi, ya duba tsakanin yatsu, ya taɓa tafin da wani siririn zaren roba ya tambaye shi ko ya ji. Minti uku ne. A koya masa kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum, lokacin alwala ko wanka, ya daina tafiya ba takalmi, ya zazzage takalminsa kafin ya sa.

Sani kaɗai bai isa ba, kuma shi kansa Uloko ya nuna haka a wani aikin da ya riga na 2018. A binciken da aka yi a 2008 a manyan asibitoci bakwai, aka buga a 2012 da sunansa a gaba, an duba mutum 531 da ke zuwa ganin ƙwararru. Kashi 32.4 cikin 100 ne kaɗai sugansu ya sauka zuwa inda ake so, kusan kashi 59 kuma jijiyoyin ƙafarsu sun riga sun taɓu. Waɗannan su ne masu sa'a, waɗanda suka san ciwonsu suka kuma isa gaban likita. Abin da ke kayar da su galibi kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci yake fita, ciwon suga kuma ba ya hutu: ƙwaya kullum, tsinken gwaji, allurar insulin ga mai bukata, har ƙarshen rai. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi kuma suka sanar da sauya yadda suke kasuwanci a ƙasar a cikin shekarar, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mai kemis ya san abin da ya biyo baya: a sayi na kwana biyar maimakon na wata, a raba ƙwaya biyu, a sha sai ranar da jiki ya yi nauyi, a cike gurbin da shuwaka da garahuni da ɓawon maɗaci. Gwamnati ta ɗan motsa. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa. Ba za a iya cewa takarda kaza ce ta haifi doka kaza ba, amma masu fafutukar da suka tsaya gaban majalisa lambobi suka riƙe a hannu, kuma daga irin waɗannan bincike suka samo su. Naira 10 dai ta yi kaɗan ƙwarai idan aka tuna Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da kashi 20 cikin 100, ballantana bayan hauhawar farashi ta cinye ta.

Wasu kuma suna ganin ba ma bukatar namu masu bincike, tun da Turawa sun riga sun gama aikin. Gaskiya ne an gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, kuma babban gwajin da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna rage ƙiba da motsa jiki na wajen minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke bakin kamuwa. Wannan ilmi namu ne mu ma, babu dalilin sake ƙirƙiro shi. Amma ciwon ba ya zuwa mana da kamannin da ke cikin littattafansu koyaushe. Tun 1968 Farfesa Kwaku Adadevoh, mahaifin likitar nan Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a Legas a 2014, ya ba da rahoton wasu manya 'yan Nijeriya da ciwon ke kamawa da tsanani har sai an ba su insulin, daga baya kuma ya lafa su daina bukatarsa na tsawon lokaci. Likitocinmu sun daɗe suna ganin matasa ramammu, waɗanda suka tashi cikin yunwa, da suga mai yawa ba tare da ƙiba ba, sai a watan Afrilun 2025 ne Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wannan ciwo a matsayin nau'i na 5 a taronta na Bankok. Gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku yana iya ba da lambar ƙarya ga mai sikila, a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da ƙwayar gadonta. Ga batun zafi: takardar da ke cikin kwalin insulin tana maganar firji, alhali gidaje da yawa a Jalingo ba su da wutar da za ta riƙe shi. Sai da Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa da Jami'ar Janeba suka gwada da yanayin sansanin Dagahale na Kenya, suka buga a 2021 cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Ga uwar da ɗanta ke rayuwa da allura, wannan sakamako yana nufin za ta iya ajiye maganin a gida, a inuwa, kusa da randa, maimakon zarya zuwa asibiti safe da yamma. Tambaya irin wannan sai wanda ke aiki inda matsalar take ne zai yi ta.

Saura zargin da ake yi wa malaman jami'a cewa don ƙarin girma suke rubutu, da Ingilishi, a mujallun da ko nas-nas ba sa gani. Akwai gaskiya a ciki, kuma laifin tsarin ne fiye da mutanen. Jami'a tana ƙirga takardu nawa malami ya buga da sau nawa wasu suka ambace shi. Takardar 2018 ta yi nasara sosai a wannan ma'auni, domin da wuya a karanta sabon bincike kan ciwon suga a Nijeriya ba a ci karo da kashi 5.77 a shafin farko ba. Ban ɗauki wannan abin banza ba. Ambato alama ce cewa wasu sun sami tubalin ɗora nasu gini, kuma likitan da ya koyi aiki a Kano ko Zariya ko Maiduguri ya dawo Jalingo yana tafe da abin da malamansa suka gano a cikin kansa. Tasiri ne na gaske wanda ba ya fitowa a kowane jadawali. Sai dai babu wani maki da ake ba farfesa idan ya shiga gidan rediyo ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye, kuma a wannan gurbi ne kuskure yake yaɗuwa. An gaya wa mutane su bar shinkafa su koma alkama da acca, sai mai ciwo ya cika kwano da tuwon alkama mai tsada ya cinye, yana ganin magani ya sha, alhali yawan abin da aka ci yana da muhimmanci kamar irinsa, kuma rabin malmalar tuwon dawa da miyar ganye mai yawa da wake sun fi masa. Haka batun azumi. Ƙwararrun likitoci tare da malaman addini sun fitar da ƙa'idoji a 2016, aka sabunta a 2021: gwada jini da rana ba ya karya azumi, wanda sugansa ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take, wasu kuma tun farko bai kamata su ɗauka ba, shari'a ma ta yi musu rangwame. Dattijo nawa ne a Mayo Gwoi suka taɓa jin wannan daga bakin likita ko limami kafin watan ya kama?

A 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince a taron Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kafin 2030 a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon suga, kuma kashi 80 na waɗanda aka gano sugansu ya daidaita. Jihar da ba ta san adadin masu ciwonta ba, ba ta da hanyar sanin ko ta kai kashi 80 ko tana kashi 20. Aikin da ke gaban Taraba ba ya bukatar na'ura mai tsada. A zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a a mazaɓun Jalingo, Mayo Gwoi da Sintali da Barade da Kona da sauransu, a haɗa da wasu ƙauyuka don a ga tazarar, a gwada suga da hawan jini da faɗin ƙugu, a rubuta abin da mutane ke ci da yadda suke wuni. Duk wanda aka samu da ciwon a sa sunansa a rajistar asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da shi, inda za a tanadi na'urar gwaji da tsinkayenta da ƙwayar metfomin, wadda tana cikin magunguna mafi araha, a kuma horar da ma'aikatan lafiya na unguwa su duba ƙafa su san ranar da za su tura mutum babban asibiti. A jawo masu kemis cikin tsarin, tun da wurinsu ake fara zuwa ko an so ko ba a so, a koya musu su gwada su tura, su daina ba mai yawan fitsari maganin sanyi. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma daga cikinsa ya kamata kuɗin tsinken gwaji ya fito. Bayan shekara biyar a koma gidajen nan a sake gwadawa, a buɗe rajistar a ga mutum nawa ne har yanzu suke zuwa karɓar magani, nawa ne suka ɓace, nawa ne aka yanke wa ƙafa.